Kifin Bakin Gada: Kogin Wudil Kafin Tiga da Bayanta

Duk wanda aka haifa bayan 1974 bai san kogin Wudil na kakanninmu ba. Ruwan da yake gani a ƙarƙashin gada yana tafiya rani da damina, ruwa ne da ake buɗe wa ƙofa a madatsun Tiga da Karaye, a kuma rage shi idan an ga dama. Na dā ba shi da mai riƙe masa linzami. Kogin Kano da ya gangaro daga duwatsun kudu wajen Riruwai, da kogin Challawa da ya biyo ta yamma, su ne suke haɗuwa kafin su iso mana, su wuce Ringim da Haɗeja, su bazu a fadamun Nguru, abin da ya rage ya bi Komadugu Yobe ya faɗa Tafkin Chadi. Da damina sai ya zo a fusace, ja jawur, ɗauke da itace da mushen dabbobi, ya haye gaɓa ya kwanta a fadamu. Damina na wucewa sai ya fara ja da baya. Kafin tsakiyar rani ya zama filin yashi, jaki ya ratsa shi da kaya ba tare da ya jiƙa kofato ba, sai dai gurabe masu zurfi nan da can, inda kifi ya tattaru yana jiran wata daminar.

A kan wannan zuwa da komawa aka gina sana'ar su a ƙasarmu. Yawancin kifin kogi ba ya haihuwa a tsakiyar ruwa mai gudu. Jira yake ambaliya ta kai shi cikin ciyawar fadama, inda ruwa ke da ɗumi, abinci ya yalwata, kuma 'ya'yansa ke da wurin ɓuya. Can yake zuba ƙwai, 'ya'yan su yi ta ƙiba har ƙarshen damina. Ranar da ruwa ya juya, kowa ya kama hanyar komawa kogi, masunta kuwa sun riga sun datse bakin kowace ƙorama da sankiya da undurutu. Wanda ya tsallake wannan ya faɗa gurbi, gurbi kuma yana da mai shi. Sarkin Ruwa ke sa masa doka, ba mai jefa ko da fatsa sai ranar da ya ce.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, masunci ne ɗan masunci, kuma daga bakinsa na ji yawancin abin da na sani game da ranar su. Ya ce tun da saura kwanaki ake shelanta ta a kasuwa. Mutane su taho daga ƙauyukan gaɓa biyu, kowa da komarsa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, da babban gora da zai kifa ciki a kai ya yi iyo, ya kuma riƙa jefa abin da ya kama a ciki. Sarkin Ruwa ya fara shiga shi kaɗai ya yi abin da ya gada, domin an yarda shi ke ɗaure bakin kada da duk wani abin da ke ƙarƙashin ruwa. Yana fitowa a buga ganga, a faɗa gaba ɗaya. Ba a jimawa gurbi ya dagule ya zama caɓi, kifi ya rasa inda zai shaƙa ya taso sama. Nan za ka ga tarwaɗa da karfasa da ƙurungu mai ƙaya, ga ragon ruwa, ga tsage mai haƙora, ga bargi, wani lokaci har giwan ruwa da sai mutum biyu sun kama sannan a fito da shi. Wanda ya yi rashin sa'a ya taɓa minjirya sai a ji ihunsa, ta girgiza shi ya saki koma, jama'a su yi ta dariya. Mata da yara suna bakin gaɓa da ƙorai suna tsintar wanda ya yi tsalle ya faɗo kan yashi. Kifin da ya fi girma na Sarkin Ruwa ne da dagaci. Gaiwa kuwa ba ta shiga wannan lissafi, ita takan nutse cikin laka ta naɗe kanta ta yi barcin rani, sai an bi ta da fartanya an tono.

Abin da Argungu ke nuna wa duniya a kogin Matan Fada, shi ne wannan. Nasu ya zama biki tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara don rufe tsohuwar gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabi. Namu bai sami babban baƙon da zai ɗaga shi ba, shi ya sa da ya mutu ba wanda ya yi masa ta'aziyya.

Aikin Sarkin Ruwa bai tsaya ga kifi ba. Idan ruwa ya ci mutum, shi ake kira ya nemo gawa. Idan ƙayar kifi ta maƙale wa yaro a wuya, gidansa ake nufa. Wannan kam har yau ba a daina ba, ko da asibiti na nan kusa.

To wa ke cin kifin? Mutanen bakin ruwa dai su ke cin ɗanyensa. Daga Wudil zuwa birni tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai ce, wuni guda cur ga mai jaki, kifi kuwa ba ya jure wuni a rana. Saboda haka abin da ya wuce na tukunyar gida, banda ake yi da shi: a tsaga, a lanƙwasa, a jera a kan wuta mai hayaƙi har ya bushe ƙayau. A haka mutumin birni ya san kifi, ɗan gutsure a miyar kuka ko ta kuɓewa. Ba abin da ake yi wa baƙo alfahari da shi ba ne, nama ne abin fita kunya. Masu mulkin ƙasar ma ba ma'abota kifi ba ne. Wudil ƙasar Joɓawa ce, zuriyar su Malam Bakatsine, ɗaya daga cikin jagororin jihadi a Kano, waɗanda suka zauna a Utai, kuma su ke riƙe da sarautar Makama, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Kano. Bafulatani kuwa kowa ya san yadda yake yamutsa fuska idan ya ji ƙarni. Har gobe idan na ga ɗan Fulanin da ya kawo shanu kasuwar Juma'a ya tsuguna a gaban kaskon suya yana tsotsar kan karfasa, sai na ce lallai zamani ya yi aiki.

Masunci na dā yana da sana'a ta biyu da ta fi kifi kawo kuɗi a damina, wato fito. Duk wanda zai fita daga Kano ya nufi Gaya ko Dutse ko Birnin Kudu, sai ya tsaya a bakin wannan ruwa. Idan kogi ya cika, fatake su yi zango su jira, wani lokaci kwana da kwanaki. 'Yan fito su zuba kaya a manyan masakai, su ɗora mutum a kan gora, su yi iyo suna turawa, dawaki da shanu kuma a ja su a baya. Bature Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya bayyana irin wannan fito na ƙorai da aka haɗa da sanda a can ƙasan ruwan nan, a ƙasar Barno. Ruwan kuma ya zama katanga a lokacin fitina. Da aka yi Basasar Kano tsakanin 1893 da 1895, Yusufawa, wato magoya bayan Yusufu, ƙetaren kogi suka yi, suka kafa sansani a Takai, Yusufu kansa a Garko ya rasu, daga nan Alu ya jagorance su suka komo suka ci birni. Wanda ya riƙe mashigi a wancan zamani, ya riƙe ƙofar gabas ta Kano.

Jirgin ƙasa bai yi da mu ba. Ya iso Kano a 1911, da aka ja shi zuwa Nguru a 1930 sai ya bi ta arewa, ta Ringim da Malam Madori. Bandar Haɗeja da Nguru ta sami hanyar shiga birni cikin sauƙi, ta fi tamu yawa, ta fi ta arha. Rabon Wudil a mota yake. Da aka yi gada, fito ya mutu, amma gadar ta biya diyya ta wata hanya: duk motar da za ta Dutse, Bauchi, Gombe, Yobe, Barno ko Adamawa, sai ta rage gudu a nan. Inda mota ta rage gudu kuwa, nan talla ke tsirowa. Direban babbar mota da ya kwana a hanya, da fasinjan da ya fito bai karya ba, da dillalin da ya sayar da sa a kara ranar Juma'a aljihunsa ya yi nauyi, su suka koya wa Wudil cewa kifi mai zafi da yaji a takarda ya fi banda riba. Suyar bakin gada 'yar hanya ce, ba ta girmi kwalta ba.

Sai aka yi farin 1972 da 1973, wanda ya kashe dabbobi ya kori mutane daga gonakinsu tun daga nan har Nijar da Mali. Gwamnan Kano na farko, Audu Bako, ya riga ya sa gina madatsun ruwa a gaba, farin kuma ya tabbatar masa da hujjarsa. Aka gama Tiga a 1974, tana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. A 1992 aka toshe ɗaya kogin ma da madatsar Challawa a ƙasar Karaye. Ba zan ci amanar gaskiya ba: albarkacin waɗannan ne Kadawa da Kura da Bunkure suke noman rani, tumatir da shinkafa da alkama, albarkacinsu ne matatar Tamburawa ke samun ruwan da take tura wa birni, mu ma nan masu lambu a gaɓa sun daina haƙa rijiya a yashi. Ba mai hankalin da zai ce a rushe Tiga.

Amma masunci ne ya biya kuɗin. Ambaliyar da take kai kifi fadama ta ragu, sai shekarar da madatsa ta cika ta tumbatsa, kamar 2001, ta zo gaba ɗaya ta ci gidaje da gonaki. Da rani kuma ruwa bai ƙara yankewa ba, saboda haka gurabe suka daina zama gurabe. Babu gurbi, babu abin da Sarkin Ruwa zai sa wa doka, babu ranar su. Kogi ya zama na kowa, a kowace rana. Can ƙasa, wajen Haɗeja da Nguru, ruwan da ba ya bushewa ya haifar da kachala, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Daga sama kuma masana'antun Sharaɗa da Challawa, musamman na jima, suna sako dattinsu ya biyo kogi. Ruwa ba ya tsami banza. Sa'o'in Kawu da yawa suka naɗe kalli suka koma bakin Tiga, wasu suka yi gabas har Baga, suka tarar Tafkin Chadi shi ma yana janyewa, daga faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na hakan ba a tsakiyar shekarun 1980.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, madatsar da ta kashe ranar su ita ta haifi yawon cin kifi. Ba wanda zai tuƙo mota daga birni a watan Maris don ya kalli yashi. Sai da ruwa ya zauna shekara sukutum sannan ya zama abin kallo. Mutanen Kano sun fara koyon fita shan iska bakin ruwa ne a otal ɗin Bagauda da Rock Castle na Tiga, waɗanda aka gina don manyan ma'aikata da baƙi. Bagauda yanzu makarantar horar da lauyoyi ce. Wudil ba a gina mata otal a bakin ruwa ba, kasko ne da benci da inuwar rumfa, kuma ina ganin shi ya sa nata ya ɗore. Da aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, ga kuma makarantar horar da jami'an 'yan sanda, garin ya cika da samari da 'yan mata da ba su taɓa shiga kwale-kwale ba. Wayar hannu ta ƙarasa aikin: wanda ya ga hoton abokinsa a tsakiyar ruwa, mako mai zuwa shi ma yana hanya.

Abokan aikina a birni sun daɗe suna matsa mini in kai su. Cikinsu akwai wanda ya yi zaman Legas, kullum labarinsa Bar Beach da ƙaguwa da jatan lande, ko da yake wurin da yake yabo an cike shi da ƙasa an kafa Eko Atlantic a kai. Wata Asabar cikin hunturu muka fita da safe, muka bi ta Hotoro da Mariri da Gano, kafin rana ta yi zafi muna kan gada. Muka sauka gaɓa, wani yaro ya zagaya da mu a kwale-kwale, muka wuce masu wanki da masu ban ruwan albasa, shanu suna sha a ɗaya gefen. Mutumin Legas ya ce ai wannan ba ruwa ba ne, kududdufi ne, amma na lura hannunsa biyu na riƙe da bakin jirgi har muka sauka.

Na aika aka kira Kawu, ya zo da sandarsa ya zauna a bencinmu. Aka kawo karfasa ta soyu har ƙayarta na karyewa, aka kawo tarwaɗa manya-manya, ga yaji, ga albasa da tumatir, ga gurasa. Abokaina suka duƙa. Ɗaya ya ɗago ya ce, “Baba, wallahi kifin kogi daban ne, ba irin na birni ba.” Kawu ya ɗauki gunduwa ɗaya ya matsa da yatsa, ya juya ta, ya ajiye. Ya ce, “Yaro, ci abinka, halal ne. Amma wannan tarwaɗar ba ta taɓa ganin kogi ba. Dubi kitsen cikinta. Dubi yadda duk suka zo kai ɗaya. Ta kogi ba ta da wannan teɓar, namanta a tsuke yake, kuma ba ka samun biyu masu girma ɗaya a kalli guda.” Ya waiga wajen mai suya: “Ko na yi ƙarya, 'yar nan?” Ta yi dariya ta ce, “Baba, ka dai tona mana asiri. Karfasar ta ruwa ce, da asuba aka kawo. Tarwaɗar ta kiwo ce. In na jira ta kogi, yau ban hura wuta ba.”

Ban ga laifinta ba. Bakin da ke neman kifi a gada ya ninka na zamanin Kawu sau ba adadi, kogin kuwa ya ragu da haihuwa. Dole a cike giɓin da kifin Tiga da sauran madatsu, da tarwaɗar da ake kiwo a tankunan siminti da na leda, har da kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi daga tekun Turai, ya sauka Legas, ya hau mota ya zo Kano. Na gaya wa mutumin Legas cewa kifin tekun da yake kewa yana nan a kasko na uku daga inda muke zaune. A wannan ciniki mai kiwo yana samu, dillali yana samu, mai suya tana samu. Wanda ya kwana a ruwa ne ke zuwa ƙarshe a rabo.

Shi ya sa 'ya'yan masunta suka koma yashi. Birnin Kano yana ta faɗaɗa, kowane bulo kuma yashi yake so, na Wudil kuwa magina sun san shi. Ka tsaya a gada ka ƙirga jirage, za ka ga na yashi sun rinjayi na su. Saurayi ya nutse da bokiti ya cika kwale-kwale, ya tura gaɓa, tifa na jira, kafin azahar kuɗinsa na hannu. Wa zai bar wannan ya zauna gadin mamari har asuba? Sai dai kwasar tana zurfafa kogi, gaɓa na zaftarewa, ramukan da ake bari kuma suna cin yara masu wanka.

Waɗanda suka rage a su, yunwa ta sa sun matse idon raga. Kallin zare da ake saƙawa a gida ya ba da wuri ga na roba, wanda kifi ba ya gani. Wasu har gidan sauro suke ja, su kwashe 'ya'yan da ba su kai tsawon yatsa ba. An yi lokacin da marasa tsoron Allah ke zuba Gamalin a ruwa, komai ya mutu ya taso. Akwai dokar tarayya ta 1992 kan kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, ta hana guba da nakiya da raga mai ƙananan ido. Amma doka a takarda ba ta kwana a bakin kogi. Sarkin Ruwa yana kwana, ya san kowane jirgi da mai shi, abin da ya rasa shi ne iko. A ganina, in da gaske ake, shi ya kamata ƙaramar hukuma da masarauta su ɗaure wa gindi, a ware wata biyu na damina a hana su, a kuma zauna da hukumar koguna kan sakin ruwa a lokacin da kifi ke haihuwa. Sarkin Ruwan ne kuma ya kamata a ɗora wa alhakin rigar ruwa da yawan mutanen da jirgi zai ɗauka. Ba mu manta da Bagwai ba, inda jirgi ya kife a madatsar Watari a ƙarshen Nuwamban 2021, mutane fiye da 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya.

Mai karatu, in za ka zo, ka zo da kaka, tsakanin Oktoba da Nuwamba, lokacin da ruwa ke janyewa kuma kifin kogi ya fi ƙiba. Ka kauce wa Juma'a in ba shanu ka zo saye ba. Ka yi sammako ka sauka gaɓa ka saya daga hannun masunci, ka kai a soya maka, kada kuma ka tsananta masa ciniki. Idan an miƙo maka tulin 'yan ƙanana da arha, ka ce ba ka so.